Sojan da ya mutu a bakin daga yana da suna, a faɗe shi

Duk ranar 15 ga watan Janairu, ranar tunawa da sojojin da suka rasu, manyan ƙasar nan suna taruwa a Abuja, can daura da Eagle Square inda aka yi abun da ake kira kabarin sojan da ba a san ko waye ba, shugaban ƙasa ya ajiye fure, mataimakinsa ya ajiye, shugabannin majalisa da alƙalin alƙalai da manyan hafsoshi kowa ya ajiye nasa, a busa bigila a harba igwa a saki fararen tattabaru, gwamnoni ma kowa ya yi irin nasa a jiharsa, kafin azahar an watse. Ni ba na cikin masu cewa a daina. Abun da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne a duk tsawon wannan taro da wuya ka ji an kira sunan farabiti ko kofur guda ɗaya cikin waɗanda suka mutu a shekarar da ta gabata, alhali kowannensu yana da suna yana da lamba yana da garin da aka haife shi, kuma duk suna rubuce a fayil tun ranar da ya shiga horo a Zariya. Ingila da Faransa da suka fara yin kabarin sojan da ba a sani ba a 1920, sun yi ne saboda gawarwakin da bom ya daidaita har ba a iya gane su, amma a lokaci guda sun bi birane da ƙauyuka sun sassaƙa sunayen waɗanda aka sani a jikin dutse. Mu sai muka ɗauko na farkon muka bar na biyun, muka mayar da sojan da aka sani sarai ya koma wanda ba a sani ba.

Ranar ma kanta ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Da can 11 ga Nuwamba ake yi tare da sauran ƙasashe rainon Ingila, daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda ranar ce a 1970 Philip Effiong na ɓangaren Biyafara ya je barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya a gaban Gowon, yaƙin basasa na wata 30 ya ƙare. Mu 'yan arewa kuma ranar tana da wani nauyin daban, don a 15 ga Janairun 1966 ne aka kashe Sardauna aka ɗauke Tafawa Balewa, aka bi manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam aka kashe. Waɗannan sunayensu na nan alhamdulillahi, akwai barikin Maimalari a Maiduguri, akwai na Kur Muhammad a Bama, akwai na Largema a Biu, kuma sun cancanta. Toh amma samarin da aka kwasa daga Katsina da Gusau da Azare da Zuru da Gboko bayan yaƙi ya ɓarke a 1967, aka ba su ɗan gajeren horo aka tura su, waɗanda suka nutse a kogin Kwara lokacin da runduna ta biyu ke ƙoƙarin tsallakawa Onitsha, da waɗanda suka ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a 1968, jikan ɗayansu in yau ya ce yana so ya ga inda ƙasa ta rubuta sunan kakansa, ina za ka nuna masa ya je?

Wannan ɗabi'ar gadonta muka yi daga Bature, shi ya sa take ƙara ba ni haushi. A yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, an ɗebi dubban 'yan Najeriya, da yawansu daga nan arewa, dama tun kafin yaƙin, Hausa ce harshen bariki ko ga wanda ba Bahaushe ba. Birget ɗin Najeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 bayan an fatattaki Italiyawa sannan ta nausa Habasha, daga baya aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya sannan dazukan Burma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, inda suka yi ta gwabzawa da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa ga zazzaɓi ga dakon kaya a ka saboda mota ba ta shiga, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Duk wanda ya san barikokin ƙasar nan ya san waɗannan sunaye ko bai san asalinsu ba, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Wato wuraren da aka mutu mun adana sunayensu, mutanen da suka mutu a wuraren kuwa ko a garuruwansu da wuya ka samu mai iya lissafa maka uku. Waɗanda suka dawo da rai ma, in ka cire irin su Samanja Chari Maigumeri da aka sa wa bariki sunansa a Lokoja, da yawa a aikin gadi suka ƙare.

Muna yara akwai wani tsoho irin wannan a unguwarmu, gadin wani sito yake yi, yana da lambobin yabo a ƙulle cikin tsumma a wani tsohon gwangwani, kirtanin jikinsu duk ya koɗe. Ba ya son labarin harbi, in mun matsa masa sai ya kore mu. Amma in ya so hira da kansa, sunaye yake kira, wane ɗan Daura ne zazzaɓi ya kashe shi, wane Bazabarme ne a bakin rafi aka harbe shi yana ɗiban ruwa, wane Kirista ne ɗan Shendam su biyu suka haƙa masa kabari da hannu da wuƙar bindiga. Yana faɗa yana ƙirgawa da yatsa yana cewa Allah ya jiƙansu. Ranar da ya rasu waɗannan sunaye suka bi shi kabari, don mu ba mu da hankalin rubutawa kuma babu wata hukuma da ta taɓa zuwa ta tambaye shi.

A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila ta fitar da rahoton bincike a kan kanta, ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan gabashin Afirka da Masar da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ba a rubuta sunansu ba ko ma ba a tuna da su kwata-kwata ba, alhali farar fata ko farabiti ne sai an kafa masa dutse da sunansa. Hujjar jami'an wancan lokacin wai baƙar fata bai san darajar irin wannan ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin Ben Wallace ya miƙe a majalisa ya nemi afuwa. Su kenan sun ji kunya bayan shekara ɗari. Mu da muke riƙe da kanmu tun 1960 kuma muke yi wa 'ya'yanmu abu mai kama da wannan, wa za mu ɗora wa laifi?

Mu dawo yau. Ranar 18 ga Nuwamban 2018 mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka afka wa bataliya ta 157 a Metele, arewacin Borno, suka kashe kwamandan Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba da sojoji masu yawa. Labarin daga jaridu da kamfanonin dillancin labarai na waje mutane suka fara jin sa, sannan daga bidiyon da su maharan suka saki, hukuma kuwa shiru har kusan mako guda, daga baya ta ce mutum 23 ne, jaridu kuma suna cewa sun haura 100. Ni ba alƙalancin wa ya fi gaskiya ne ya kawo ni ba, abun da nake cewa shi ne wannan gardamar ba ta da wurin zama in da akwai jerin sunaye. Adadi ana iya ja da shi, ana iya rage shi ana iya ƙara shi, amma in ka ce farabiti wane ɗan wane daga ƙaramar hukuma kaza, toh ko dai ya mutu ko yana raye, kuma in ka tsallake wani uwarsa za ta fito ta ce ina nawa. Ina ganin shi ya sa ma ake gudun sunayen.

Muna da waɗanda muka riƙe, gaskiya ne. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali na bataliyar tankoki ta 272, wanda ya taka rawa wajen ƙwato Baga a 2015 aka kashe shi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, har yanzu ana yaɗa hotonsa duk shekara. Kanar Dahiru Bako da aka yi wa kwanton ɓauna a yankin Damboa a Satumban 2020, Birgediya Janar Dzarma Zirkusu da ya mutu a Askira Uba a Nuwamban 2021. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu ya ba iyalansu haƙuri. Amma ka lura babu ɗayansu da ya mutu shi kaɗai, kowanne akwai yaransa a gefensa, direba da mai riƙe rediyo da mai babbar bindiga a bayan mota, sai sanarwa ta ce "shi da wasu sojoji" shikenan an gama da su.

Nasan abun da za a ce, wai faɗin yawan waɗanda suka mutu yana karya gwiwar sojoji yana ƙara wa abokan gaba ƙarfi. Haba dan Allah. Maharin da ya yi kisan ya riga ya sani, shi ya ɗauki bidiyo ma. Sojan da ke bakin daga shi ma ya sani, shi ya ɗauko gawar abokinsa ya sa a mota. Waɗanda kawai ake ɓoye wa su ne ni da kai da iyalin mamacin. Kuma abun da ke karya gwiwar soja ba jin an ambaci abokinsa da girmamawa ba ne, ganin an binne shi a ɓoye an ci gaba kamar ba a yi ba shi ne ke karya gwiwa, domin a nan yake hango nasa ƙarshen. A watan Mayun 2014 a barikin Maimalari, da aka kawo gawarwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok, abokansu suka harzuƙa har suka buɗe wa motar kwamandan runduna ta 7 Manjo Janar Ahmadu Mohammed wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a Disambar shekarar aka sake yanke wa wasu 54 saboda ƙin fita yaƙi, suna cewa ba a ba su isassun makamai ba, daga baya a 2015 aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. A wannan shekarar ta 2015 ne kuma aka taso da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba na goyon bayan bore a gidan soja, amma duk mai son gaskiya ya san ba ambaton matattu ne ya haifar da wannan ba. Kuma wani ɓangare na girmama wanda ya mutu shi ne a faɗi me ya kashe shi, in harsashi ne ya ƙare a faɗa, in agaji ne bai zo ba a faɗa, in wani ne ya ci kuɗin kayan aiki a kamo shi.

Kuma ba wai ba za a iya ba ne, an taɓa yi. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta ranar 14 ga Maris 2024, cikin 'yan kwanaki aka fitar da sunayensu da hotunansu tun daga Laftanar Kanar A.H. Ali har kan farabiti, shugaba Tinubu ya je jana'izar da kansa a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, aka ba su lambar girmamawa, aka yi alƙawarin gidaje da karatun 'ya'ya, aka ce a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Sama ba ta faɗo ba, gwiwar kowa ba ta karye ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma da aka kashe musu sojoji 71 a Inates a Disambar 2019, shugabansu na lokacin Mahamadou Issoufou katse tafiyarsa ya yi ya dawo daga Masar, aka yi zaman makoki na kwana uku, aka jera gawarwakin lulluɓe da tuta a sansanin sojan sama na Yamai kowa ya gani. Tambayata ita ce me ya sa abun da aka yi wa na Okuama ba zai zama doka ba, ya zama haƙƙin duk wanda ya faɗi ko a Sambisa ne ko a Shiroro ko a dajin Zamfara, ba sai wanda labarinsa ya yi ƙara a kafafen yaɗa labarai ba.

Akwai wata baiwar Allah da muka yi maƙwabtaka da iyayenta, mijinta kofur ne aka tura shi arewa maso gabas. Yakan kira ta in ya samu inda sabis ke kamawa, wani lokaci sai ya hau kan mota ko tudu, magana ɗaya biyu layi ya yanke. Sai kira ya ɗauke, ta kira a kashe ta sake kira a kashe, tana ta ba kanta haƙuri wai ƙila caji ne babu. Ƙarshe wani abokin aikinsa ne ya kira da wata baƙuwar lamba ya ce madam sai haƙuri, oga ya rigamu, kuma ya roƙe ta kar ta ce shi ya faɗa mata. Kafin sanarwa ta zo a hukumance an riga an binne shi can, abun da ya iso gida jaka ce da 'yan kayansa, silifas da carbi da wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Har sai da aka je wajen malam ana tambayar daga yaushe za ta ƙirga takaba, daga ranar da ya rasu ko daga ranar da ta ji. Bayan nan aka shiga zaryar ofis-ofis da fayil a leda, yau a ce hoto bai yi ba gobe a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya, sannan aka gano sunan magajin da ke takarda na wansa ne don tun kafin ya yi aure ya cike, nan kuma wata rigimar ta cikin gida ta taso. Ɗakin da suke ciki dole ta tashi don akwai mai jiran sa. Yanzu awara take soyawa a ƙofar gidan mahaifinta, babban yaron an cire shi daga makarantar kuɗi. In ka ce wa wannan matar an ajiye wa mijinta fure a Abuja, wallahi ban ga abun da za ta yi da wannan labarin ba.

A takarda fa akwai tanadi, akwai inshorar rai akwai giratuti akwai tallafin karatun 'ya'ya, matsalar tsakanin takarda da hannun marayan ne. Waɗanda suka tsira da rai ma ga su nan muna gani, sau da dama cikin 'yan shekarun nan tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi sun toshe ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, wasu da sanda wasu da furfura fal. Wannan shi ne cin moriyar ganga a ya da kwaurenta, kuma tsohon ciwo ne a yankin nan namu. A Thiaroye ta Senegal ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta, waɗanda suka dawo daga yaƙi da zaman fursuna a hannun Jamus, laifinsu sun nemi kuɗinsu. A Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948 aka harbe tsofaffin sojoji Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suna tattakin kai kokensu ga gwamna. Gana har yau tana kiran sunayen mutum ukun nan duk shekara, kuma ka ga babu janar a cikinsu. Hadisi ya inganta cewa ana gafarta wa shahidi komai sai bashi. In har bashi bai faɗi a kan wanda ya ba da ransa ba, ta yaya zai faɗi a kan ƙasar da ta karɓi ran ta riƙe haƙƙin marayunsa?

Wasu 'yan uwa kuma ta fuskar addini suke kallon abun, su ce fure da tsayuwar shiru da gina dutse al'adar Nasara ce. Na fahimce su, ni ma fure bai dame ni ba ko kaɗan, a bar shi ga masu so. Amma ambaton suna da kula da iyali ai namu ne tun asali. Da aka yi yaƙin Mu'uta Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da kansa ya sanar da mutanen Madina, ya kira Zaidu ya kira Ja'afar ya kira Ibn Rawaha ɗaya bayan ɗaya idanunsa na zubar da hawaye, sannan ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abun da ya shagaltar da su ya zo musu. Shahidan Uhudu kusan 70 malaman tarihi sun rubuta sunayensu da ƙabilunsu, kuma Annabi ya kasance yana ziyartarsu. A nan ƙasar Hausa ma malaman jihadi sun yi marsiyya suna kiran sunayen waɗanda suka rasu a fagen fama, shi ya sa har yau ake sanin cewa a yaƙin Tsuntsuwa an rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Waye shahidi waye ba shahidi ba wannan na Allah ne, ba ni zan raba ba. Amma sanar da mutuwa da wuri, da kiran suna, da kai abinci gidan mamaci, da riƙe maraya, babu malamin da zai ce maka bidi'a ne, kuma 'yan uwanmu Kirista da ke mutuwa a rami ɗaya da namu su ma haka suke so a yi wa nasu.

Sai magana mai nauyi wadda ba zan tsallake ba. Akwai mutanen da in ka ce a girmama soja zuciyarsu tafasa take yi, kuma suna da dalili. Wanda ya rasa ɗansa a arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, inda kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da an binne mutum 347 a rami ɗaya, ko wanda jirgi ya jefa wa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, ko mutanen Tudun Biri da jirgi maras matuƙi ya kashe musu aƙalla mutum 85 suna Mauludi a Disambar 2023, ba ni da bakin da zan ce musu su manta. Ko matar da aka mari mijinta a shingen bincike a gabanta. Abun da zan ce kawai shi ne cutar ɗaya ce. Hukumar da ta saba binne nata 'ya'yan babu suna babu bayani, ba za ta ji nauyin binne na wasu haka ba. In muka tilasta a riƙa ƙirga kowane rai ana faɗin sunansa da yadda ya mutu, wannan ƙa'idar ita ce za ta kare ɗan Tudun Biri kamar yadda za ta kare farabitin Metele. Kuma yaron da ya mutu yana tsare hanyar Damaturu zuwa Maiduguri don motocin haya su wuce, ba shi ya ba da odar Zariya ba, laifin wani ba ya hawa kan wani.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Su waye ke shiga soja a matsayin kurtu? 'Ya'yan manoma ne da 'yan fansho da masu ƙananan sana'a, yaran da suka gama sakandare aiki ya gagara, ɗan babban mutum ba ya kwana a rami a Malam Fatori. Namu ne, daga layinmu suka fita. Amma in bidiyon gawarwakinsu ya fito, wanda 'yan ta'adda suka ɗauka da gangan don a tsorata mu, mu ne ke tura shi guruf-guruf a WhatsApp da Facebook, ba ma tunanin wata uwa za ta iya buɗe waya ta ga fuskar ɗanta a ƙasa. Wasu har dariya suke sawa a ƙarƙashi saboda haushin gwamnati. Dan Allah a bari, ka ji haushin gwamnati yadda kake so amma gawar ɗan talaka ba wurin huce shi ba ne. Haka kuma in ana lissafi kar a manta da waɗanda ba su da kaki na sosai, 'yan Civilian JTF da suka tashi a Maiduguri a 2013 da gora da adda suka kori Boko Haram daga unguwanni, da maharba da 'yan sintiri da 'yan sandan mobayil, su in sun mutu ma ko tutar lulluɓi ba kowa ke samu ba.

Abun da nake nema ba mai tsada ba ne, bai kai kuɗin motar rakiyar gwamna ɗaya ba. Majalisa ta yi doka cewa duk sojan da ya mutu a bakin aiki a sanar da iyalinsa ido da ido cikin kwanaki ƙalilan, hafsa ya je gidan da kansa ba a bar abokin aiki yana kira a ɓoye ba, bayan nan a wallafa sunansa da muƙaminsa da jiharsa a shafi guda na intanet da kowa zai iya buɗewa, a haɗa da na baya iya waɗanda ke cikin fayil, na Kongo da na basasa da na rundunar ECOMOG ta Afirka ta Yamma a Laberiya da Saliyo da na Darfur. A sa wa'adin biyan haƙƙi, in ya wuce a san jami'in da za a tambaya, kuma kar a tashi mace daga ɗakin bariki sai kuɗinta ya shiga hannunta. A riƙa tilasta wa sojoji sabunta sunan magaji duk lokacin da za a tura su daga. Ranar 15 ga Janairu kuma, tunda dama ana yin addu'a a masallatan Juma'a da coci-coci a makon, kowane gwamna ya sa a karanta sunayen 'yan jiharsa da suka faɗi a shekarar a gidan rediyon jiha, da Hausa da duk harshen da ake ji a wurin, ciyaman ya aika wa hakimi hakimi ya aika wa mai unguwa, limamin unguwar ya san cewa gidan wane akwai marayun soja don in an tashi rabon zakka ko kuɗin makaranta a fara da su. Ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarka yana da lambar waya kuma zai zo neman ƙuri'a, in ya zo a tambaye shi sojoji nawa 'yan mazaɓar suka mutu tun da aka zaɓe shi, kuma gida nawa ya taka ya yi gaisuwa.